Sanyin Kasuwar Kwamfutar Allo: Ƙoshi a Can, Ƙarancin Kuɗi a Sakkwato

Duk wanda ya saba leƙa shagunan sayar da wayoyi a cikin garin Sakkwato tun shekaru goma da suka wuce zai iya tuna irin matsayin da kwamfutar allo take da shi a lokacin. Ita ce ake jerawa a sahun gaba na akwatin gilashi, ita ce mai shago yake fara ciro wa baƙon da ya ga alamar yana da abin hannu, kuma ɗan kasuwa ko malamin jami'ar da ya riƙe ta a wurin taro ana yi masa kallon wanda ya tafi da zamani. Na kira ta kwamfutar allo saboda siffarta, domin faffaɗa ce marar kauri, ana riƙe ta da hannu ɗaya a yi aiki a kanta da ɗayan kamar yadda almajiri yake riƙe allonsa, ko da yake masu sayarwa sun fi ce mata tab, wasu kuma duk irinta iPad suke kira ko wane kamfani ya ƙera. Yau idan mutum ya shiga waɗannan shagunan zai tarar wayoyi sun cinye gilashin gaba ɗaya, kwamfutar allo kuwa ɗaya ce ko biyu a gefe, wani lokaci ma sai an tambaya a ce babu, amma za a iya aiko da ita daga Kano.

Wannan sanyi bai tsaya a Sakkwato ba, kasuwar duniya ce baki ɗaya ta ja baya. Sai dai ina ganin kuskure ne a ɗauki bayanin da masana suke yi game da Amurka da Turai a ɗora shi kan kasuwarmu yadda yake, domin abin da ya hana mutumin Landan sayen sabuwar kwamfutar allo daban yake da abin da ya hana mutumin Mabera ko Gidan Igwai, ko da yake a idon mai shago sakamakon ɗaya ne, wato kaya sun kwanta.

Labarin ya faro ne a ranar 27 ga Janairun 2010, lokacin da Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple na wancan lokaci, ya nuna iPad ta farko a birnin San Faransisko. An fara sayar da ita a Amurka a farkon Afrilun shekarar kan dala 499, kuma cikin kwana 28 aka sayar da guda miliyan ɗaya, kafin shekarar ta ƙare kuwa an kusa kai miliyan 15. Ganin haka sauran kamfanoni suka yi rububin shiga. Samsung ya fito da Galaxy Tab a 2010, Amazon ya kawo Kindle Fire a 2011 kan dala 199, Google ya biyo da Nexus 7 a 2012, Microsoft ma ya fito da Surface a shekarar. Ba kowa ne ya ji daɗin wannan tsere ba. Kamfanin HP ya fitar da TouchPad a Yulin 2011, amma bai cika wata biyu ba ya janye ta, ya karyar da ragowar kan dala 99 domin ya rabu da su. Duk da haka zancen da ya cika bakin masu sharhi a waɗannan shekaru shi ne cewa zamanin kwamfutar tebur da ta cinya ya zo ƙarshe, kuma Jobs da kansa ya kwatanta tsohuwar kwamfuta da babbar motar ɗaukar kaya, wadda za a ci gaba da buƙata amma mutane kaɗan ne za su riƙa hawa.

Hasashen bai tabbata ba. Alƙaluman kamfanin IDC, wanda yake ƙididdige na'urorin da masana'antu suke fitarwa, sun nuna cewa kasuwar ta kai ƙololuwarta a 2014 da kimanin guda miliyan 230, daga nan ta fara gangarowa: kusan miliyan 207 a 2015, kimanin miliyan 175 a 2016, har ta sauko wajen miliyan 144 a 2019. Apple kansa, wanda ya sayar da iPad miliyan 26 a cikin wata uku na ƙarshen 2013 kaɗai, ya ga cinikinsa na shekara ya sauko daga miliyan 71 a shekarar kuɗinsa ta 2013 zuwa ƙasa da miliyan 44 a ta 2018, kuma a ƙarshen 2018 ɗin ya daina bayyana yawan na'urorin da yake sayarwa. Akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe game da alƙaluma irin na IDC, wato suna ƙirga abin da ya bar masana'anta zuwa hannun dillalai ne, wanda ba lallai ya zama ya isa hannun mai amfani ba. Kwalin da yake shan ƙura a wani shago a Sakkwato tuni an lissafa shi cikin kayan da suka fita.

Masana tattalin arziki suna kiran wannan yanayi cikar kasuwa, kuma hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce a dubi randar ruwa. Ranar da aka kawo sabuwar randa gida, sai an yi ta jigilar ruwa tulu bayan tulu kafin ta cika, kuma mai ga-ruwan da ya samu wannan aiki zai iya zaton haka cinikin zai ci gaba kullum. Amma da zarar ta cika, abin da za a riƙa saya daga gare shi bai wuce gwargwadon abin da aka sha ba. Haka kasuwar kowace na'ura mai daɗewa take. A shekarun farko masu saye sababbin shiga ne, mutanen da ba su taɓa mallakar abin ba, kuma yawansu ne yake sa ciniki ya riƙa ninkawa. Idan mafi yawan masu so kuma masu hali sun mallaka, sai kasuwa ta koma hannun masu canji kawai, wato waɗanda tasu ta lalace ko ta tsufa. Daga wannan lokaci tambaya ɗaya ce take yanke girman ciniki: shekara nawa mutum yake yi da na'urarsa kafin ya sake wata? A ɗauka akwai gari mai gida dubu, kowane gida da kwamfutar allo ɗaya. Idan duk shekara biyu ake canzawa, za a sayar da 500 a shekara. Idan sai bayan shekara biyar, cinikin ya koma 200, alhali babu gida ko ɗaya da ya daina amfani da ita, babu kuma wanda ya ce ba ta da kyau.

A nan ne kamfanonin suka yi kuskuren lissafi, domin sun auna kwamfutar allo da ma'aunin waya. Waya tana cikin aljihu dare da rana, tana faɗuwa, tana shiga ruwa, ana sace ta, batirinta yana gajiya da wuri saboda cajin kullum, kuma a waɗancan shekaru kamfanonin sadarwa na Amurka suna ba abokan hulɗarsu sabuwar waya a farashi mai rahusa duk shekara biyu idan sun sabunta yarjejeniya. Ga kuma kyamara, wadda kowace shekara take ƙara kyau ta yadda mai tsohuwar waya yake ganin bambanci da idonsa. Kwamfutar allo ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwan da suke tura mutum kasuwa. A gida take zama, aikinta kallon bidiyo da karatu da ɗan yawo a intanet, kuma waɗannan ayyuka ba sa buƙatar sabon inji. iPad 2 da ta fito a 2011 ta ci gaba da samun sabuntawar manhaja daga Apple har kusan shekara biyar. Idan uba ya gaji da tasa sai ya miƙa wa yara, ta sake yin wasu shekaru a hannunsu. Bayan haka, waya ta mutum ɗaya ce, gida mai mutum shida yana iya sayen shida, amma kwamfutar allo guda tana isar gidan duka. Za a iya cewa ingancinta ne ya rage mata ciniki, kuma wannan ne ya sa ba na yarda da masu cewa na'urar ta gaza.

Sai kuma matsin da ta sha daga maƙwabtanta biyu. iPhone ta farko a 2007 fuskarta inci 3.5 ce, saboda haka tazarar da ke tsakaninta da iPad mai inci 9.7 babba ce, kuma wannan tazara ita ce dalilin sayen na'ura ta biyu. A 2011 Samsung ya fito da Galaxy Note mai inci 5.3, mutane da yawa suka yi mata dariya cewa ta yi girma, amma ta karɓu. A Satumbar 2014 Apple ya bi sahu da iPhone 6 Plus mai inci 5.5, kuma a ƙarshen wannan shekarar ne aka fara ganin cinikin kwamfutar allo na duniya ya yi ƙasa da na daidai wannan lokaci a shekarar da ta gabata. A yau wayar talaka ma fuskarta ta haura inci shida da rabi, saboda haka ƙananan tab masu inci bakwai, waɗanda su ne suka fi arha kuma suka fi yawa a kasuwanni irin namu, ba su da sauran hujjar zama. Ta ɗaya ɓangaren kuma kwamfutar cinya ta rage nauyi, batirinta ya ƙara daɗewa, makarantun Amurka da yawa suka koma sayen Chromebook, wata irin kwamfutar cinya, saboda tana da madannai kuma ba ta da tsada. Wanda yake son rubutu mai tsawo ko lissafin ofis ya ga kwamfutar cinya ta fi masa, wanda yake son kallo da hira ya ga wayarsa ta ishe shi.

Annobar korona ta kawo wani ɗan farfaɗowa wanda ya ruɗi mutane da yawa. Da aka rufe makarantu da ofisoshi a 2020, iyaye da hukumomin ilimi a ƙasashe masu hali suka yi ta sayen na'urori domin karatu daga gida, cinikin ya koma sama da miliyan 160 a 2020, ya ƙara ɗan hawa a 2021. Amma wannan ciniki aro ne daga shekarun gaba, domin wanda da zai saya a 2023 ya riga ya saya a 2020, kuma abin da ya saya yana nan da ƙarfinsa. A 2023 kasuwar ta faɗo zuwa kimanin miliyan 128 a lissafin IDC, adadin da ba a ga mai ƙarancinsa ba tun 2011, kuma a wannan shekarar Apple bai fitar da sabuwar iPad ko ɗaya ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka fara yin ta. An ɗan samu ƙari a 2024, amma ko kusa da adadin 2014 ba a je ba. Waya ma ta bi wannan hanya a hankali: ta kai kusan biliyan 1.47 a 2016, ta sauko zuwa kimanin biliyan 1.17 a 2023.

Kamfanoni sun nemi mafita ta hanyoyi dabam-dabam. Apple ya ɗaga sama da iPad Pro a 2015, mai alƙalami da madannai, domin ya samu riba mai yawa daga mutane kaɗan, sannan a 2017 ya sauko da farashin ta gama-gari zuwa dala 329. Amazon ya sayar da tasa kan dala 50 a 2015, da nufin ya mayar da kuɗinsa daga littattafai da finafinai da hajar da mai na'urar zai saya daga baya. Google ya fita daga harkar a 2019, ya sake dawowa a 2023. Duk waɗannan dabaru an tsara su ne domin mutumin da ya ƙoshi, wanda sai an yi masa kwalliya kafin ya ƙara loma.

To, Sakkwato fa? Babu mai hankalin da zai ce gidajenmu sun cika da kwamfutar allo. A nan randar ba ta taɓa cika ba, ƙarfin ɗebo ruwan ne ya ƙare tun tana ƙasa da rabi. Mutumin da kuɗinsa na na'ura ɗaya ne, kuma haka mafi yawanmu muke, dole ya zaɓi wadda za ta yi masa komai, kuma wayar zamani ta yi nisa a wannan fage: da ita ake kira, da ita ake tura kuɗi, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ya tilasta wa har masu sayar da kayan miya karɓar taransifa, da ita ake sauraron tafsiri da karatun malamai, ita ce fitila idan an ɗauke wuta, kuma tana shiga aljihun riga mutum ya hau kabu-kabu hankalinsa kwance. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya gane wannan tun da wuri, ya cika kasuwar Afirka da wayoyi masu layi biyu da babban batiri da faffaɗar fuska a farashin da ma'aikaci zai iya kaiwa. Shi ma ya yi kwamfutocin allo, irin su DroiPad, amma wayoyinsa ne suka cinye musu kasuwa. Wani abin da ba a cika ambata ba shi ne cewa iPad, ko da mai ɗaukar layi ce, ba a kiran waya da ita kai tsaye, kuma manhajar WhatsApp ta musamman domin iPad ba ta fito ba sai a 2025. A garin da ciniki da zumunci da sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa duk suke bi ta WhatsApp, na'urar da ta yi shekara 15 ba ta da shi ta rasa mafi girman dalilin da zai sa a saye ta.

Sannan ga batun naira, wanda a ganina shi ne ya fi komai nauyi. Duk wata kwamfutar allo da ke Najeriya da dala aka shigo da ita ko aka shigo da kayan haɗinta. A farkon 2023 dala tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage, inda mafi yawan 'yan kasuwa suke samun ta. Bayan da gwamnatin tarayya ta cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, Babban Banki kuma ya saki darajar naira a Yuni, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Ma'anar wannan ita ce na'urar dala 200 da take tsayawa a kan naira 150,000 ta koma 300,000 ba tare da an ƙara mata komai ba, kafin a sa kuɗin fito da na mota daga Legas zuwa Kano zuwa Sakkwato da ribar kowane hannu da ta bi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Magidancin da yake auna kuɗin gero da shinkafa da kuɗin makarantar yara ba zai ware albashin wata huɗu domin na'ura ta biyu ba, komai sha'awarsa gare ta. A farkon 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, alhali babbar fuska ta fi jan mutum ga kallon bidiyo, wanda shi ne ya fi cin data.

Yanayin garin ma yana da nasa hukunci. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40, kuma batirin litiyam da ke cikin waɗannan na'urori ba ya shiri da zafi, yana saurin rasa ƙarfi, wani lokaci ya kumbura har ya ɗaga gilashi. Wutar lantarki ba ta tsayawa, ga babban batiri yana buƙatar awanni kafin ya cika. Idan fuskar wayar Tecno ta fashe, mai gyara zai canza ta kafin mutum ya gama sallar La'asar, domin kayanta suna ko'ina. Idan ta kwamfutar allo ce, sau da yawa sai an aika Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja, a jira kwanaki, kuma kuɗin gyaran yana iya kusantar rabin kuɗin na'urar. Daɗewar da ta sa Bature ba ya canza tasa ba ta cika samuwa a nan ba, kuma wanda tasa ta mutu a hannunsa sau ɗaya da wuya ya sake sayen wata, sai ya ƙara kuɗi ya sayi waya mai kyau.

Duk da haka akwai masu buƙatarta ta gaske a garin nan, kuma ina ganin rashin adalci ne a manta da su. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da yake karanta littafi mai shafi ɗari biyar a fuskar waya ya san irin wahalar da idonsa yake sha. Ɗaliban ilimin addini, waɗanda Sakkwato take da su da yawa tun zamanin Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello, suna samun littattafan Larabci da aka ɗauki hotonsu shafi-shafi, masu ƙananan rubutu da sharhi a gefe, waɗanda ba sa karantuwa da daɗi sai a faffaɗar fuska. Na taɓa ganin wani malami a zaure yana karantar da ɗalibansa daga kwamfutar allo da ya jingina a kan matashi, yana buɗa rubutun da yatsu biyu idan ya zo wurin da tawada ta dushe, kuma a ranar na fahimci cewa na'urar tana da gurbin da waya ba za ta cike ba. Haka tela mai nuna wa mata samfurin ɗinki, da mai zanen gini, da ma'aikacin lafiya mai tattara bayanai a ƙauyuka. Matsalar ita ce waɗanda suka fi buƙatarta, wato ɗalibai da malamai, su ne suka fi ƙarancin kuɗin sayenta.

Wannan ne ya sa babban mai sayen kwamfutar allo a Najeriya sau da yawa hukuma ce. Gwamnatin jihar Osun a zamanin Rauf Aregbesola ta ƙaddamar da shirin Opon Imo a 2013 domin raba wa ɗaliban sakandare na'urori masu ɗauke da darussa. Shirin N-Power na gwamnatin tarayya ya ba matasan rukunin farko kwamfutocin allo domin aikinsu. Na'urar BVAS da hukumar zaɓe ta INEC ta yi amfani da ita wajen tantance masu zaɓe a 2023 ita ma daga wannan dangi take. Irin wannan saye yana zuwa ne a dunƙule, ta hannun 'yan kwangila, sau ɗaya a shekaru, kuma ba ya bi ta shagon ɗan kasuwar Sakkwato. Ina da damuwa a kan yadda ake ɗaukar rabon na'ura a matsayin ƙarshen aiki, domin kuɗin sayenta somin-taɓi ne: akwai caji a makarantar da ba ta da wuta, akwai gyaran gilashi, akwai canjin batiri a shekara ta uku, akwai horar da malamin da zai koyar da ita, akwai kuma darussa cikin harshen da yaro yake ji. A lokacin kullen korona, da aka rufe makarantu a Maris ɗin 2020, rediyo da talabijin ne jihohin Arewa da dama suka koma gare su domin koyar da yara, saboda su ne suke cikin gidajen mutane.

Akwai wata hanya da ƙoshin can yake isowa gare mu kai tsaye, ita ce kasuwar kayan hannu. Na'urorin da mutanen Amurka da Turai da Dubai suka ajiye su ne ake tarawa a shigo da su a matsayin tokumbo, kuma ga mai ƙaramin ƙarfi wannan dama ce, domin tsohuwar iPad mai lafiya ta fi sabuwar tab marar suna inganci nesa ba kusa ba. Amma a nan ne ake yawan cutar mutane. Na'urar da kamfaninta ya daina sabunta mata manhaja tana iya kunnuwa da kyau a shago, sai an je gida a tarar manhajar banki ko ta karatu ta ƙi sauka a kanta. Tun 2013 Apple ya sa wani makulli da yake ɗaure na'ura da asusun mai ita na farko, kuma idan bai cire ba kafin ya rabu da ita, wanda ya saya ba shi da yadda zai yi da ita. Haka kuma ƙananan tab na yara masu launi-launi, waɗanda ake sayarwa da sunan koyar da karatu, da yawansu ƙwaƙwalwarsu ƙarama ce ƙwarai, batirinsu ba ya jure zafinmu, kuma babu kayan gyaransu. Ƙarshensu hannun 'yan jari-bola, su shiga cikin tarin sharar lantarki da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta ta kai tan miliyan 62 a duniya a 2022, wadda ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu nata ne aka tattara aka sarrafa yadda ya dace.

Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya a duk wannan shi ne ɗan kasuwa. Mutanenmu sun gaji wata fahimta ta kasuwanci daga hatsi, cewa kayan da aka adana ba asara ba ne, gero a rumbu yana jiran farashinsa ne zuwa bazara. Kayan lantarki akasin haka suke: duk watan da na'ura ta ƙara a cikin gilashi darajarta raguwa take yi, domin sabon samfuri yana fitowa, kwanakin sabunta manhajarta suna ƙarewa, batirinta kuma yana lalacewa ko ba a kunna ta ba. Faɗuwar naira ta ɓoye wannan asara na ɗan lokaci, har ta yi kama da riba. Wanda ya saro tab a kan naira 100,000 a 2023 ya sayar da ita 160,000 bayan shekara guda zai ga kamar ya ci 60,000, amma idan ya koma sari ya tarar irinta ta zama 200,000, sai ya gane uwar kuɗinsa ce ta zaizaye, domin abin da ya karɓa ba zai mayar masa da kaya ɗaya a gurbin wanda ya fita ba. Kuɗin da ya kwanta shekara guda a kan tab ɗaya kuwa da ya juya sau da yawa a kan ƙananan wayoyi da caja da batirin ajiya na tafi-da-gidanka, waɗanda kullum ake nema.

Shi ya sa masu shagunan da suka daɗe a harkar suka sauya salo ba tare da sun karanta rahoton kowa ba. Idan mutum ya zo neman kwamfutar allo, sai a ce masa, "Malam, wace iri kake so, kuma wane aiki za ka yi da ita?" Idan an daidaita, ya ba da kafin alƙalami, mai shago ya kira abokin hulɗarsa a Kano, a sa ta a motar da za ta taso da safe, washegari ko jibi mai ita ya zo ya karɓa, a buɗe kwalin a gabansa, a gwada caji da fuska da wurin layi kafin ya cika sauran kuɗin.